Zari-ruga da lafiyar ɗan wasa: tambayoyin da iyaye da yara suka fi yi mana a Bauchi

Tun da muka fara tara matasa muna buga zari-ruga da yamma a wani fili a nan cikin Bauchi, tambayoyin da ake min ba sa canzawa, yau uba ya tsare ni a ƙofar masallaci, gobe uwa ta aiko yayan yaro ya ji ko lafiya ƙaninsa ya dawo da kumburarren kunne. Shi ya sa na ce bari in haɗa su wuri guda. Ni ba likita ba ne, koci ne mai son karance-karance, kuma yawancin binciken da zan ambata a Ingila da New Zealand da Afirka ta Kudu aka yi shi, kan mutanen da ke wasa a ciyawa mai laushi da likita a bakin fili. Mu kuwa kun san filinmu.

1. Wai shi wannan zari-ruga ɗin, me ya bambanta shi da ƙwallon ƙafa?

Mutum 15 ne kowane ɓangare, minti 80, ana hutun rabin lokaci bayan minti 40. Takwas daga ciki su ne 'yan gaba, ƙarti masu nauyi da ke turereniya, bakwai kuma 'yan baya masu gudu. Akwai kuma na mutum bakwai-bakwai da ake yi minti bakwai kowane zagaye, wanda shi muka fi bugawa saboda ba kullum muke cika talatin ba. Babban bambancin shi ne a ƙwallon ƙafa karo kuskure ne, a nan kuwa karo yana cikin dokar wasa, an yarda ka rungumi mai ƙwallo ka kai shi ƙasa. Na'urar GPS da ƙwararru ke saƙalawa a bayan riga ta nuna suna cin kilomita 5 zuwa 7 a wasa ɗaya, bai kai na ɗan ƙwallon ƙafa ba, amma fa gudu ne da ake katsewa da kokawa, ka faɗi ka tashi ka sake faɗuwa.

2. Koci ka gaya min tsakani da Allah, wasan nan ba shi da haɗari?

Yana da shi Baba, duk wanda ya ce maka babu yaudararka yake. A 2013 masu bincike sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi kan ƙwararrun 'yan wasa maza, suka samu rauni 81 a duk awa 1000 na wasa. Kar lissafin ya ruɗe ku: mutum 15 sau minti 80 awa 20 ke nan, to kusan rauni uku a duk wasa biyu ga ƙungiya ɗaya, kuma raunin da ake nufi wanda zai hana mutum fita fili ne ba ƙujewa ba. A tirenin kuwa 3 ne kacal a awa 1000. Ka ga ke nan ranar gasa ce ranar haɗari.

Amma wannan lissafin na ƙwararru ne, mutane masu kilo ɗari da ɗoriya da ke karo da gudu kamar raguna. Tun 1995 da aka mayar da wasan sana'a 'yan wasa suka yi ta ƙara girma da sauri, karo ya yi ta ƙara ƙarfi. A wasan unguwa da na makaranta raunin bai kai haka ba. Abin da nake gaya wa iyaye shi ne haɗarin ba a warwatse yake ba, ya taru ne a wurare biyu uku da aka sani, duba tambaya ta 3 da ta 8.

3. To a ina aka fi jin ciwon?

A wajen kamu, wato takil. Kusan rabin duk raunukan wasa a nan ake samunsu. Ingila ta fara rubuta raunin kowane ɗan wasan babbar gasarta tun 2002, kuma shekara da shekaru yanzu buguwar ƙwaƙwalwa ce ke zuwa ta ɗaya a jerin raunin ranar wasa, sai su naman bayan cinya, gwiwa, idon sawu da kafaɗa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne binciken da wani masani ɗan Afirka ta Kudu, Ross Tucker, ya yi da abokan aikinsa wa World Rugby, hukumar zari-ruga ta duniya, a 2017. Sun zauna sun kalli bidiyon ɗaruruwan karo da suka sa aka fitar da ɗan wasa a duba kansa, sai suka ga a wajen takil kusan bakwai cikin goma na masu buguwa masu kamun ne, ba wanda aka kama ba. Wato kai da ka je kayar da mutum kai ne ka fi shiga haɗari, musamman in ka je a miƙe kamar za ka gaisa da shi, kanka ya haɗu da kansa ko kafaɗarsa. Shi ya sa Faransa ta sauke layin kamu zuwa ƙugu a wasannin da ba na ƙwararru ba tun 2019, Ingila ma a 2023 ta ce ƙasa da ƙahon zuci.

Abin da nake ihu a kai kullum ke nan: durƙusa, ido a buɗe, haɓa sama, kumatunka su manne a gefen ɗuwawunsa ko bayan cinyarsa, kar ka taɓa sa kai a gaban gwiwar mai gudu. Yaran da suka taso da kokawa sun fi saurin ɗauka wallahi, don sun saba da sunkuyawa su nemi ƙafa, 'yan ƙwallon ƙafa ne ke ba ni wahala, sai yaro ya rufe ido ya miƙa hannu ɗaya.

4. Yaro ya bugu a kai amma bai suma ba, ya tashi da kansa. Ai ba komai ko?

Nan ne muka fi yin kuskure. Cikin masu buguwar ƙwaƙwalwa da ƙyar ɗaya cikin goma ke suma. Ƙwaƙwalwa tana iyo ne cikin ruwa a ƙoƙon kai, in aka yi karo sai ta girgiza, ba jini ba kumburi, ko hoton kai aka ɗauka sau da yawa ba a ganin komai, amma aikinta ya rikice.

Bara wani yaronmu ya yi karo da gwiwar abokinsa, ya miƙe tsaf yana kakkaɓe wando, har 'yan kallo suka tafa masa. Sai na ga ya je ya tsaya a layin abokan hamayya. Na kira shi, ya ce koci wa ke ci, na gaya masa, muka taka uku ya sake cewa koci wa ke ci. Idonsa kamar na wanda aka tasa daga barci. Na cire shi yana ta rantsuwa lafiyarsa ƙalau, yayansa ma daga gefe yana cewa haba koci ai namiji ne. Washegari bai tuna ma an yi wasan ba.

Alamomin su ne jiri, tangaɗi, ciwon kai, kallo ba ƙiftawa, maimaita tambaya, haske ko ƙara su dame shi, tashin zuciya, ko ya kasa faɗa maka inda ake wasan. Ƙwararru suna da gwajin minti 12 a ɗaki da likita da bidiyo, wannan nasu ne. Mu dokarmu ita ce in ka yi zargi kawai ka cire shi, kuma ba ya komawa ranar ko da kofi ake bugawa. Karo na biyu kafin na farko ya warke shi ne abin tsoro, musamman ga yara.

5. Kwana nawa zai huta, kuma yaushe za a kai shi asibiti?

A kai shi nan take in yana ta amai, ciwon kan na ƙaruwa, ya yi farfaɗiya, yana ganin abu bibbiyu, wuya na ciwo, hannu ko ƙafa sun yi sanyi ko yana jin kamar kiyashi na yawo a cikinsu, ko barci na fizgarsa ba a iya tashinsa da kyau. Asibitin koyarwa na nan Bauchi ko na tarayya da ke Gombe, ba kemis ba.

In babu waɗannan, kwana biyun farko ya huta, a rage masa waya da kallo, kar a bar shi shi kaɗai daren farko, kar ya hau mashin ya tuƙa. Farasitamol ya isa, a guji su diclofenac da asfirin a farko saboda zubar jini. Daga nan sai a bi mataki-mataki: tafiya, sassarfa, gudu da ƙwallo ba karo, sannan karo a tirenin, in alama ta dawo a koma baya. Ga wanda ba ƙwararre ba kwana 21 ne mafi ƙaranci kafin ya buga wasa. Su ƙwararrun ma da likita ke bin su kullum, tun 2022 yawancinsu sai sun yi kwana 12. Kuma makaranta ce gaba, yaron da bai iya zaman aji ba tare da ciwon kai ba bai isa komawa fili ba.

6. Da gaske ne tsofaffin 'yan wasa suna kamuwa da ciwon mantuwa?

Steve Thompson yana cikin waɗanda suka ci wa Ingila kofin duniya a 2003. A ƙarshen 2020, yana ɗan shekara 42, ya fito ya ce likitoci sun tabbatar masa da ciwon mantuwa, kuma ba ya tuna wasannin gasar da ya ci. Shi da ɗaruruwan tsofaffin 'yan wasa sun kai hukumomin wasan kotu. A 2022 kuma masu bincike a Glasgow sun bi tarihin tsofaffin 'yan wasan ƙasar Scotland 412, suka ga haɗarin cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa a wurinsu ya ninka na sauran mutane kamar sau biyu da rabi.

Waɗannan mutane ne da suka yi shekaru suna karo kusan kullum, a wasa da a tirenin. Daga nan masana suka gane ba babbar buguwa kaɗai ba ce matsala, har da ƙananan da ke taruwa. Shi ya sa a 2021 World Rugby ta ba da shawarar cikakken karo a tirenin kar ya wuce minti 15 a sati. In ƙwararre minti 15 ya ishe shi, ban ga dalilin da zan sa yara su yi awa guda suna tunkuyi don in ga waye jarumi ba.

7. In saya masa hular soso da robar baki?

Robar baki e, saya yau. New Zealand ta tilasta sa ta a ƙarshen shekarun 1990, aka ga masu neman kuɗin gyaran haƙori sun ragu da kashi 43 cikin ɗari. Irin wadda ake tsomawa a ruwan zafi a cije ma ta wadatar, kowa da tasa dan Allah, ba a aro. Hula kuwa tana kare kunne da tsagewar fatar kai, amma babban gwajin da aka yi a Ostireliya kan matasa bai nuna tana rage buguwar ƙwaƙwalwa ba, dalili yana amsa ta 4, soso ba ya hana abin da ke ciki girgiza. Har na lura yaro in ya sa ta sai ya fara kai hari da ka. Wata robar bakin mai na'ura a ciki da manyan gasa suka fara amfani da ita a 2024, wadda ke aika wa likita saƙo in karo ya yi ƙarfi, wannan sai dai mu gani a talabijin.

8. Wannan turereniyar da suke haɗa kawuna fa, ba ta karya wuya?

Sikiram ke nan, takwas da takwas. Ba a cika samun rauni a ciki ba amma in ya zo yakan zo da muni, don nauyin mutum goma sha shida na bi ta wuyan mutum shida na sahun gaba. A da rugawa ake a yi karo sannan a tura. Masu bincike a Jami'ar Bath suka auna ƙarfin da na'ura, suka nuna in an riƙe juna tukuna kafin a haɗu ƙarfin karon na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, a 2013 aka canza dokar. New Zealand da shirinta na RugbySmart tun 2001, da Afirka ta Kudu da BokSmart tun 2009, sun tilasta wa kociyoyi da rafali kwas, raunin laka ya ragu.

Mu a nan wanda ba a koya masa ba ba ya shiga sahun gaba, ko da shi ne mafi ƙiba. In babu ƙwararru sai a yi sikiram ba turi. Kuma in yaro ya faɗi ya ce wuyansa, ko ya ce ba ya jin ƙafarsa, kar wanda ya ɗaga shi, kar a ja hannunsa, kar a zuba masa ruwa a ciccibe shi a keke napep. Mutum ɗaya ya durƙusa ya riƙe kansa da hannu biyu yadda yake, a nemo motar asibiti ko aƙalla faffaɗan katako da mutane da yawa.

9. Akwai motsa jikin da ke rage rauni da gaske, ko duk zance ne?

Akwai, kuma kyauta ne. Ana kiransa Activate, kusan minti 20 kafin tirenin: tsayuwa da ƙafa ɗaya, tsalle da koyon sauka, sauya hanya da gudu, ƙarfafa cinya, da tura kai a tafin hannu don ƙarfafa wuya. An gwada shi a makarantun Ingila aka buga sakamako a 2017, ƙungiyoyin da suka yi shi sau uku a sati raunin wasa ya ragu musu da kashi 72, buguwar ƙwaƙwalwa da kashi 59. Sirrin yana kan sau ukun nan, ba wai a yi ranar da baƙo ya zo ba. Akwai kuma wanda mutum zai durƙusa abokinsa ya danne masa dugadugai ya riƙa sulalewa gaba a hankali, shi kuma yana rage yagewar naman bayan cinya da kusan rabi. Yara sun tsane shi don kwana biyun farko ko ruku'u da ƙyar.

10. Zafin Bauchi da taurin fili fa? Da azumi?

A Maris da Afrilu zafi na kai maki 40, ɗan wasa kuma zai iya zubar da gumi lita ɗaya zuwa biyu a awa. In mutum ya rasa kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa ta gumi gudu da tunani duk suna raguwa, mai gajiya kuma shi ke kamu a miƙe, kun ga mun koma tambaya ta 3. Da bazara ba ma fara karo sai bayan la'asar sosai ko da sassafe, ana tsayawa shan ruwa duk minti 15 zuwa 20, sabon zuwa kuma jikinsa na buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba. Fitsari in ya yi ja kamar shayi ruwa bai isa ba. Wanda ya fara sambatu ko tangaɗi jikinsa zafi rau, a kai shi inuwa a cire riga a yi ta kwara masa ruwa ana fifita tun kafin a nemi mota.

Da hunturu kuwa fili kamar siminti, ga tsidau ga tsakuwa. But mai dogayen ƙusoshi ba ya shiga ƙasa, idon sawu ne ke biya. Mukan zagaya mu tsince kwalabe da ƙaya kafin a fara, duk ƙujewa a wanke da sabulu a rufe, a kuma tabbatar an yi allurar tetanus.

Da azumi ba na sa karo da rana sam. Gudun ƙwallo mara nauyi dab da magariba, aikin ƙarfi bayan asham. Binciken da aka yi kan matasan 'yan ƙwallon ƙafa masu azumi a Tunisiya a 2006 ya nuna ƙarfi da gudu ba su wani ragu ba in ana ci ana barci yadda ya kamata, kuma a ganina barcin ne ke kayar da yaranmu, a yi hira har sahur.

11. Ɗana AS ne, ko kuma bai daɗe da tashi daga maleriya ba. Zai iya?

Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne, kuma suna wasanni lafiya lau. Sai dai in aka haɗa gudu mai tsanani ba hutu da zafi da ƙishirwa, jinin na iya lanƙwashewa mutum ya zube, ƙafafu su mutu ba tare da ɗaurewar nama irin ta kullum ba. Don haka a gaya wa koci, kuma in yaron ya ce ya gaji a bar shi, ba a yi masa horon zagaye fili. Mai SS kuwa maganar likitansa ce, ni ba na sa shi karo.

Maleriya tana kumbura saifa, ita kuma tana ƙarƙashin haƙarƙarin hagu daidai inda kafaɗar mai kamu ke sauka. Kumburarriyar saifa na iya fashewa jini ya zuba a ciki. Mai zazzaɓi ba ya tirenin, wanda ya warke kuma likita ya taɓa cikin tukuna. In bayan karo yaro na kukan ciwon gefen hagu har kafaɗa, ya yi fari yana jiri, asibiti kai tsaye.

12. Me zan ci in yi jiki? Garin gwangwanin nan na 'yan ɗaga ƙarfe yana aiki?

Masana na cewa mai neman gina nama ya samu furotin kamar giram 1.6 a kowane kilo na nauyinsa a rana, mai kilo 70 giram 112 ke nan, a rarraba safe rana dare. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Wake, awara, ƙosai, alale, gyaɗa, kifi, kindirmo, duk suna kasuwar Muda Lawal da ta Wunti. Fura da nono bayan tirenin ta haɗa duk abin da ake nema, ruwa da hatsi da furotin. Garin gwangwani madara ce aka tace, in na gaske ne ba laifi, matsalar ba ka san me aka zuba a wanda ba shi da tabbas ba, kuma an sha kama irinsu da sinadaran da aka haramta.

Tunda an zo nan, tramadol. Na san ana sha kafin wasa don kar a ji zafi. Hukumar WADA mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta haramta shi lokacin gasa tun Janairun 2024, amma ni ba wannan ne ya dame ni ba. Yana sa jiri, yana jawo farfaɗiya, kuma yana ɓoye duk alamomin da na lissafa a amsa ta 4. Wanda na kama ya sha ya koma gida.

13. Ƙananan yara da mata fa?

Ƙanana ba karo, ana saƙala musu ƙyalle a ƙugu, in an fizge shi an kama ka ke nan. Su koyi gudu da miƙa ƙwallo da faɗuwa tukuna. Kuma a haɗa yara da la'akari da girman jiki ba shekaru kawai ba, don ɗan sha huɗu wani ya fi wani da kilo ashirin. Mata suna da kofin duniyarsu tun 1991, dokokin buguwar kai ɗaya ne, kuma da yake wuyansu bai kai na maza kauri ba atisayen wuyan da ke amsa ta 9 ya fi zame musu dole.

14. In an samu targaɗe ko gocewar ƙashi, mu je wajen mai ɗori?

Na san ba za a daina zuwa ba, ni ma an taɓa ɗora min hannu ina yaro. Roƙona ɗaya, a ɗauki hoto tukuna. Gwiwar da ta yi ƙara ɗas ta kumbura cikin awa biyu tana kuma zillewa, sau da yawa jijiyar ciki ce ta tsinke, ba ƙashi ba ne balle a ɗora, ja da murzawa ƙara ɓata ta suke, in an yi aiki ma sai an yi wajen wata tara kafin a dawo fili. Kafaɗar da ta goce wani lokacin da tsagewar ƙashi take tafe, ga jijiyoyin hannu a wurin. Ɗauri mai tsanani da karare kuma in yatsu suka yi sanyi ko suka canza launi a kwance shi nan take.

Targaɗen idon sawu na yau da kullum, ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 zuwa 20, a naɗe da bandeji ba matsewa ba, a ɗaga ƙafar kan filo, ban da ruwan zafi da man zafi a kwana biyun farko. In ya kasa taka ta taku huɗu, ko ƙashin kansa ne ke zafi in an danna, hoto. In yana takawa, bayan kwana biyu uku ya fara motsa ta, ya riƙa tsayuwa da ƙafa ɗaya yana goge baki da safe, sai ya iya tsalle a kanta sau goma ba ɗingishi sannan ya zo mu gani.